Wayar da Na Ɗaure Tabarmi da Ita

Shekara tara ke nan da rasuwar ƙanena Sambo, daminar bana ce ta cika su. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan soya waina in raba wa maƙwabta, in kira 'yan uwa a waya mu yi masa addu'a, daga nan in ja bakina in yi shiru. Bana kam bakin ya ƙi rufuwa. Na ga abin da ya fi ƙarfin in bar shi a cikina ni kaɗai, shi ya sa na roƙi wannan fili, ni da ban taɓa aiko wa jarida ko gaisuwar sallah ba.

Mu uku Inna ta haifa: Hamma Usman ne babba, sai ni, sai Sambo auta. A ruga aka haife mu, can bayan Jahun, lokacin da garken gidanmu yake amsa sunansa garke. Daga baya shanu suka ragu, makaranta ta kwashe mu. Hamma ya zauna a Jahun yana fataucin dabbobi, Inna tana wurinsa. Ni na yi aure a Dutse, na ƙare ƙuruciyata wajen koyar da 'yan firamare, aikin da ya bar mini babbar murya da gajen haƙuri. Sambo ya zama malamin dabbobi, yana yawo a babur ruga-ruga yana yi wa shanu allura. Gidan da ya kama haya a unguwar Limawa, nan Dutse, katanga ɗaya ce ta raba shi da nawa, saboda haka duk abin da zan faɗa a nan, ko dai na gani da idona, ko na jiyo ta kan katanga.

Mahaifinmu, da muke kira Baffa, mutum ne da zai wuni bai ce uffan ba. Maganarsa tana cikin sarewa. Yana da wata busa guda ɗaya da yake yi idan ya juyo da shanu gida da yamma. Ba ta da suna, ba ta da baiti, ban kuma taɓa jin ta a bakin wani makiyayi ba. Da mun jiyo ta daga bayan gonakin gero, sai Inna ta miƙe ta ɗauki ƙwaryar tatsa, mu kuma mu ruga mu kunce maruƙa. Baffa ya rasu Sambo yana sakandare. Sarewar ta tsage a cikin kaya, babu wanda ya gaji busar.

A bana, tun farkon damina, jikin Inna ya yi sanyi. Ido ya daɗe da tafiya, abinci sai an yi da gaske. Abin da ya fi tayar mana da hankali kuwa ba jikin ba ne. Ta tsiri rera busar Baffa da hanci, ƙasa-ƙasa, kuma kullum sai ta kai wani wuri a tsakiya ta maƙale. Sai ta koma farko, ta sake maƙalewa a nan dai. Duk wanda ya shigo gaishe ta sai ta riƙe masa hannu ta tambaye shi abin da ke biye. Ranar da ta riƙe nawa ta ce, "Ke ma ba ki riƙe ba? Ta ɓace mini daga tsakiya," wallahi ji na yi kamar in nutse. Farkon kawai na sani, shi ma a karkace. Tsohuwar da ta binne miji da ɗa ba ta yi raki a gaban kowa ba, ga ta tana hana kanta barci a kan rabin busa. Na ji tsoron kada ta tafi da wannan rabin a bakinta.

Mutum ɗaya ne ya riƙe busar nan dukanta, shi ne Sambo, kuma shi ne wanda ba zai iya hura ta ba. Da fuka aka haife shi. Yana yaro ya sha satar sarewar Baffa, ya hura sau biyu ƙirji ya kama, Inna ta ƙwace tana faɗa. Fukar ce kuma ta yi ajalinsa daga ƙarshe, wata ranar Talata da hadari ya taso da iska mai sanyi. To mutumin da numfashi bai ishe shi ba, da me zai yi busa? Da yatsu ya nemi yi.

Da ya fara aiki sai ya je Kano ya sayo tsohon fiyano, irin na lantarki mai madannai farare da baƙaƙe. Hamma ya yi faɗa har ya gaji. Ni ma ban raga masa ba. Na ce, "Malamin dabbobi da fiyano? Makaɗan biki za ka bi, ko shanun za ka riƙa yi wa kiɗa kafin allura?" Dariya kawai ya yi. Bai taɓa kai fiyanon nan gidan biki ba, bai taɓa fitar da shi ko zaure ba. Bayan wani lokaci ya haɗa da kwamfutar tafi-da-gidanka, sannan ya sa aka kawo masa wata waya da ban taɓa ganin irinta ba. Gefe guda kai ɗaya ne, irin wanda ake sokawa a kwamfuta. Ɗaya gefen ya rabu biyu, kawuna zagayayyu masu 'yan ƙusoshi biyar-biyar a ciki, a tsakiya kuma wani ɗan kumburi mai fitila. Ya ce sunanta wayar midi.

Wata Asabar ya wuni yana fama da ita. Ina jiyo tsakinsa daga madafata. Ashe kan da aka rubuta wa shiga, a ramin fita na fiyano ake soka shi, na fita kuma a ramin shiga, don abin da ya fita daga wannan shi ne yake shiga wancan. Shi kuwa ya bi rubutu, ya haɗa shiga da shiga, suka yi ta kallon juna babu mai cewa komai. Can bayan la'asar sai na ji ihunsa ta kan katanga yana kirana: "Adda! Adda, zo ki gani!" Na ɗauka fukar ce ta tashi, na bar tuwo a wuta na ruga ko takalmi babu. Na same shi lafiya ƙalau, baki har kunne. Ya danna madanni ɗaya, fitilar wayar ta ƙifta, wani ɗan layi ya bayyana a allon kwamfuta. Na ce, "To, sai aka yi yaya?"

Ya ce, "Adda, ba sauti ne yake bi ta wayar nan ba, labari ne. Fiyano yana gaya wa kwamfuta cewa na danna wannan, da ƙarfi kaza, na riƙe, na saki. Ita kuma ta rubuta. Idan na ce ta maimaita, sai ta mayar masa da labarin, shi ya yi kukan." Na ce Allah Ya ba da sa'a, ni dai tuwona yana ƙonewa. Maganar ta shiga ta wannan kunne ta fita ta wancan, ko in ce haka na zata.

Daga nan ya shiga aikin da ya ci masa shekaru. Akwai muryoyin sarewa a cikin fiyanon, amma ya ce duk masu santsi ne kamar an shafa musu mai, shi kuwa ta Baffa yake nema, mai kaushi, wadda ake jin iska tana tsiyaya ta gefen kara. Ya yi ta latse-latse yana ragewa yana ƙarawa har ya gina muryar da kansa, ya ajiye ta a cikin fiyanon. Akwai kuma wata 'yar taya a gefen hagu da yake murzawa da babban yatsa, sauti ya lanƙwasa kamar yadda Baffa yake zame yatsa a kan rami. Ranar da na fara jiyo wani yanki na busar ta kan katanga, ina wanke-wanke, sai da na saki kwano.

Abu ɗaya ne yake ba ni haushi. Duk sanda ya kira ni in saurari inda ya kai, sai ya danna kwamfuta, sai kuma a yi shiru. Ba dogon shiru ba ne, amma ga mai gajen haƙuri irina, da mayafi a kafaɗa da aiki a gida, ya isa. In ce, "Kai Sambo, ta lalace ne?" Ya ce, "Haƙuri, Adda, gaisawa suke yi. Fulani biyu sun haɗu a hanya, ai kya bari su gama tambayar shanu." Kullum haka, kullum sai na yi tsaki. Na sha ce masa ya ɗauki kayan nan ya kai Jahun Inna ta ji. Sai ya ce bai gama ba, ba zai kai wa Inna rabin Baffa ba. Har ya koma ga Allah bai kai ba.

Bayan matarsa ta fita takaba aka yi rabon gado. Ya bar mata ɗaya, da 'ya ɗaya, da Inna, da mu biyu. 'Yar sunan Inna gare ta, shi ya sa muke kiranta Ummi, lokacin tana aji huɗu na firamare. Aka fito da kaya tsakar gida, malam ya zauna ya yi rabo yadda Allah Ya ce, babu wanda aka cuta ko da allura. Kwamfuta ta faɗa kason Ummi. Fiyano ya faɗa na Hamma. Ni kuma aka haɗa mini kujerun roba da tukunyar gas da wani buhun tarkace mai wayoyi a ciki. Da a ce saniya ce da ɗan maraƙinta aka kawo, babu ɗayanmu da zai yarda a raba su, don tun muna yara mun san ba ta sakin nono sai ta ga ɗanta. Amma wannan kayan lantarki ne. Kowa ya ga abu uku, aka raba su uku.

Da uwar Ummi ta sake aure, sai yarinyar ta dawo hannuna da kwamfutarta. Na sa aka buɗe, muka sami fayil ɗin da Sambo ya sa wa suna da Fulatanci, dawowar shanu. Aka danna. Ga layuka nan gajeru da dogaye suna wucewa a allo, amma ko ƙis ba a ji. Na ɗauke ta na kai wa masu gyara a kasuwa. Suka duba suka ce lasifika lafiyarta ƙalau, fayil ɗin ne babu sauti a cikinsa. Ba su yi ƙarya ba, gaskiya tsantsa suka faɗa. Na dawo gida na yi kukana, na ce ashe busar ta bi mai ita. Hamma kuwa ya ce shi ba zai kunna fiyano a gidansa ba, ba kuma zai sayar wa makaɗa da kayan ɗan uwansa ba. Ya naɗe shi da tsohon bargo ya tura ƙarƙashin gado, a ɗakin da ke jikin na Inna. Wayar kuma, da na ga tana da tsawo da ƙwari, sai na ɗaure tabarmin baƙi da ita na jingine a bayan ƙofa. Duk suna ko biki in kunce, a gama in mayar.

A shekarun nan tara duniya ta sake. Yanzu a Dutse ba ka rasa matashin da ya mayar da ɗakinsa situdiyo. Ɗan maƙwabcina yana da wani fiyano da bai fi tsawon hannu ba, waya ɗaya tal yake soka masa, babu shiga babu fita, nan take ya kama. Wani ma da wayar hannu yake haɗawa, ya fitar da kalangu da goge da algaita duk daga abu guda. Nakan tsaya in kalle su in ce, ina ma Sambo ya ga wannan. Na san da sai ya ajiye babur ya shiga ɗakin yaran nan ya tsuguna, ya yi ta tambaya har a kira magariba. Ko zai ji haushin abin da ya ci masa wuni guda yanzu yaro yana yin sa yana cin gyaɗa? Ban zata ba, Sambo ba shi da ƙyashi. Abin da nake jin zai yi musu ƙorafi a kai shi ne yadda suke sa kwamfuta ta miƙe musu kowane bugu ya zauna daidai wa daida, har kiɗan wannan da na wancan ba ka bambancewa.

Ummi yanzu tana jami'a a Kafin Hausa, ilimin kwamfuta take karanta. Da ta zo hutu na ba ta labarin Inna da rabin busarta, sai ta shiga ɗaki ta jawo tsohuwar kwamfutar. Batirin ya mutu tuntuni, amma da aka sa ta a wuta ta tashi. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta fito ta ce, "Gwaggo, fayil ɗin nan ba fanko ba ne. Ba sauti Abba ya ajiye ba, yatsunsa ya ajiye. Muryar tana cikin fiyano. Sai an haɗa su." Maganar ubanta ce sak, wadda na bar shi yana yi na tafi ceton tuwo. Ta ce sai dai wayar ce matsala, irin ta da ce, ba lalle a samu a Dutse ba. Ta kwatanta mini kai ɗaya a nan, biyu a can, da ɗan kumburi a tsakiya. Na tashi na je bayan ƙofa na jawo tabarmi, na dire a gabanta. Ta kalli tabarmi, ta kalle ni, ta ce, "Gwaggo!" Na ce, "Kunce, ki bar kallona, ai ta yi aikin lada."

Washegari muka shiga mota sai Jahun, kwamfuta a cinyar Ummi, waya a cikin jakata kamar gwal. Hamma bai so ba. Ya ce mu bar matattu su huta, mu bar tsohuwa ta ji da ciwonta. Na ce masa, "Hamma, da girmanka, amma ko ka jawo bargon nan ko in shiga ƙarƙashin gadon da kaina, kuma ka san in na shiga sai an tara mutane kafin a fito da ni." Ya yi ƙwafa ya jawo. Ɓeraye sun ci bargo, sun bar fiyano. Muka goge shi, aka jawo wuta daga sola ɗin maƙwabci, muka shimfiɗa kayan a ɗakin Inna bayan la'asar. Ummi ta soka wayar, shiga a fita, fita a shiga, ba ta ko yi kuskuren ubanta ba. Fitilar ta ƙifta. Wayar da ta shekara tara tana riƙe tabarmi!

Ummi ta kai alamar kwamfuta daidai inda layuka suka fara, ta danna. Sauti ya fito, amma wane irin sauti! Ƙwal-ƙwal ɗin fiyano ne zalla, yana lanƙwashewa a inda bai kamata ba, kamar ana buga kwano ana murɗa shi. Inna ta saurara kaɗan, ta juya fuska bango ta ce, "Ku kashe." Ummi ta shiga lalube a cikin muryoyin fiyanon, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, babu sarewar Sambo. Ta ce da alama ɗan batirin da ke riƙe masa ajiya a ciki ya mutu, fiyanon ya manta duk abin da aka koya masa. Idonta ya cika. Hamma yana tsaye a bakin ƙofa ya ce, "Ai na faɗa muku." Mun taso tsohuwa, mun sa mata rai, mun kawo mata ƙarar kwano.

Ina zaune ina jin haushin kowa har da kaina, sai wani abu ya tsaya mini a rai. Yau ban yi tsaki ba. Ban jira komai ba, tana dannawa ya fara. Na ce, "Ummi, ina shirun?" Ta ce, "Wane shiru, Gwaggo?" Na ce, "Ubanki bai taɓa kunna mini abin nan ya fara nan take ba. Sai ya shanya ni tukuna, wai gaisawa suke yi." Ta duba allo ta ce akwai wani fili a can farko da babu layi ko ɗaya, shi ya sa ta tsallake shi. Na ce, "Koma can. Daga farkon fari."

Ta koma, ta danna. Shiru. Amma fitilar wayar nan ta kama ƙiftawa da sauri-sauri ba ƙaƙƙautawa, alhali ba a jin komai. Sai ɗan gilashin da ke fuskar fiyano ya yi fari, rubutun da ke kai ya goge, wani ya fito. Ummi ta sunkuya ta karanta, ta toshe baki da hannu. Na leƙa. Haruffa biyar ne: BAFFA. Ashe a cikin shirun nan da na sha yi wa tsaki Sambo ya zuba duk yadda ya gina muryar, don ko da fiyano ya manta, kwamfuta ta tuna masa kafin a fara. Gaisuwar ke nan.

Sai sarewa ta tashi.

Ban san yadda zan kwatanta wa mai karatu ba, kuma ni ba mai rasa abin faɗa ba ce. Kaushin nan, da iskar da ke tsiyaya ta gefe, da yadda take hawa ta zame ta sauko. Ɗakin siminti ne a cikin garin Jahun, da kwano a sama da 'yan adaidaita suna wucewa a waje, amma wallahi sai da na ji ƙamshin turken shanu. Hamma, mai cewa ba a kiɗa a gidansa, ya zame a jikin ƙofa ya zauna a ƙasa, ya cire hula ya riƙe. Inna ta juyo daga bango. Ta yunƙura ta zauna ba wanda ya taimaka mata, hannunta na dama yana lalube a gefen katifa. Na san abin da yake nema, ƙwaryar tatsa ce. Ta kama rerawa da hanci tana bi. Da aka zo wurin da take maƙalewa na riƙe numfashina. Busar ta ɗan tsaya, ta faɗa ƙasa, ta sake hawa ta wata hanya da ni kaina na manta da ita sam. Inna ta ce, "Yauwa," ta bi ta suka wuce tare har ƙarshe.

Ta ce a sake, aka sake. A na ukun Ummi ta share ido ta nuna mini allo. Ta ce akwai giɓi-giɓi a tsakanin layukan, wasu ƙanana, ɗaya babba, kuma ba su zauna a kan ma'auni ba. Ta ce wataƙila su ne Abba yake cewa bai gama gyarawa ba, kuma manhajar yanzu tana iya cike su ta daidaita komai da dannawa ɗaya, in muna so ta ƙarasa masa aikinsa. Da kyakkyawar niyya ta faɗa, ni ma har na fara gyaɗa kai. Sai Inna ta ɗaga hannu. Ta ce, "Kul, takwara. Kada ki taɓa. Nan mai shanun yake jan numfashi." Har yau ba ta kiran sunan Baffa. Ta ce a kunna, ta riƙa nuna mana da yatsa a iska: nan ya ja, nan ma ya ja. Da aka zo babban giɓin ta ce, "Nan kuma waiwayawa yake yi, ya ga ko wata ta tsaya a baya."

Fiyano ba ya numfashi. Mutum yana iya danna madanni ya riƙe har gobe. Babu abin da ya tilasta wa Sambo ɗaga yatsa a wuraren nan, sai dai haka ya ji tun yana yaro a bakin turke, haka kuma ya ajiye. Can sai Inna ta ce, "Yaron nan da nasa numfashin bai ishe shi ba, ashe na ubansa ya tsaya adanawa." Ta ja mayafi ta rufe fuska. Ranar jana'izarsa ma ban ga hawayenta ba, saboda kunyar ɗa irin tamu. Ranar nan kam mayafin ya jiƙe, babu kuma wanda ya ce mata ta yi haƙuri.

Ba ina cewa mamaci ya dawo ba, a'uzubillahi. Sambo yana inda Ubangijinsa Ya kai shi, Baffa ma haka, abin da suke bukata a wurinmu addu'a ce. Amma ina mamakin hikimar da Allah Ya ba ɗan Adam, kuma ban ga ranar daina mamakin ba. Muna da hotunan Sambo, sun nuna fuskarsa. Akwai muryarsa a wani tsohon bidiyon suna. Wannan kuwa wani abu ne daban. Nauyin hannunsa ne, inda ya danna da ƙarfi da inda ya tausasa, inda ya yi jinkiri, duk a rubuce, kuma a duk sanda aka kunna, fiyanon sabon bugawa yake yi a gabanka, da umarnin yatsun da suke cikin ƙasa shekara tara. A cikin yatsun kuma ga ƙirjin wani mutum da bai taɓa ganin kwamfuta ba. Na koyar da yara darasin kimiyya shekara da shekaru, ban taɓa tsayawa a gaban wani abu na ji ƙanƙantata kamar ranar nan ba.

Ko ya gama ko bai gama ba, Allah kaɗai Ya sani. Mai yiwuwa akwai abin da kunnensa yake ji da saura wanda namu ba ya ji. Da zan same shi da na ce masa, kai dai ka cika jan rai, ai ka gama tuntuni, Inna ce ta saurara ta ce ya yi. Na san abin da zai ce: haƙuri, Adda.

Abin da aka raba uku ya koma wuri guda. Hamma da bakinsa ya ce fiyano na Ummi ne, amma ba zai bar ɗakin Inna ba tukuna. Ni ma na sallama waya, na sayi igiya na ɗaure tabarmina. Inna tana nan, jiki yau da daɗi gobe babu, sai dai ta daina riƙe hannun masu gaisuwa. Tana rera busarta daga farko har ƙarshe, tana tsayawa a inda ake tsayawa. Idan aka tambaye ni abin da Sambo ya bari, ba gida ba ne, ba garke ba ne. Ya bar 'ya mai hankali, ya bar shanun mutane da yawa da ya yi wa allura suka rayu, ya kuma mayar wa uwarsa yammacin da ta ɗauka ya tafi har abada. Allah Ya sanyaya makwancinsa, Ya haɗa shi da Baffa a inda ƙirji ba ya kamawa.

Kafin Ummi ta koma makaranta ta naɗi busar a matsayin sauti, ta tura mana a wayoyinmu don kowa ya samu. Da ta zo kan tawa sai ta ce za ta yanke shirun farkon, tunda a waya ba shi da wani aiki, kuma ta san halina. Na ce ta bar mini shi yadda yake. Yanzu kullum da yamma, idan na idar da la'asar, nakan zauna a gindin katangar nan in danna, in ajiye wayar a cinya. Ba na tsaki. Ina jira su gama gaisawa.